Tazkiyar Ma'auni: Yadda Ake Sauraron Famfunan Tukunyar Nukiliya

Mutumin Safana ko Batsari wanda wata lalura ta ɗauke shi zuwa Zariya, ya bi ta Dutsin-Ma, ya gangara Funtuwa, ya wuce Giwa da Shika har ya shigo Samaru, da wuya ya raya a ransa cewa a nan, cikin harabar Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tukunyar nukiliya ƙwaya ɗaya tak da ƙasar nan ta mallaka. Mutanen Sin suka ƙera ta, ana kiranta NIRR-1, kuma ranar 3 ga Fabrairu 2004 aka fara tayar da ita. Ba ta ba kowa lantarki. Ƙarfinta bai wuce kilowat 30 da ɗan ɗoriya ba, zuciyarta kuwa, watau inda sandunan yuraniyom suke a jere, faɗinta da tsawonta duk kimanin taƙi guda ne. Amfaninta shi ne a saka ɗan samfurin ƙasar noma, ko dutsen ma'adini, ko abinci a gefenta, a fito da shi a karanta irin sinadaran da ke ciki. A 2018 aka cire tsohon makamashinta wanda aka tace ya kai kashi 90 cikin ɗari, aka mayar da shi ƙasar Sin, aka sa mata wani mai kashi 13, domin kada ta zama abin kwaɗayi ga masu neman haɗa bam.

Abin da ya fi jan hankalina game da wannan tukunya shi ne abin da ba ta da shi: ba ta da famfon sanyaya ciki. An nutsar da zuciyarta ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita huɗu da wani abu, an bar ta da ɗabi'ar da Allah ya halicci ruwa da ita, cewa idan ya ɗumama sai ya yi sama, mai sanyi ya shigo ta ƙasa ya maye gurbinsa; 'yan famfunan da ke wurin na tace ruwa ne kurum, ko sun tsaya ba abin da zai sami tukunyar. Masu aikin suna da ma'aunan zafi a mashigar ruwan da mafitarsa, kuma daga bambancin da ke tsakanin biyun suna iya lissafa ƙarfin da tukunyar ke aiki da shi, su gwama da abin da ma'aunin nutron ya faɗa. Malaman cibiyar sun yi rubuce-rubuce a kan wannan mas'ala. Daɗin daɗawa, an tsara ta yadda ruwan na yin zafi ƙarfinta zai ja baya da kansa, ba sai wani ya taɓa kome ba. Saboda haka ilmin auna zafi muna da masu shi, shekara ashirin ke nan da ɗoriya suna yi. Ilmin sauraron manyan famfuna ne ba mu taɓa samun inda za mu koya a gida ba.

Ga shi kuwa maganar tashar lantarki ta nukiliya ba ta taɓa mutuwa a ƙasar nan ba tun da aka kafa Hukumar Makamashin Nukiliya da doka a 1976. A 2017 an sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha, an ambaci Geregu ta Jihar Kogi da Itu ta Akwa Ibom. Maƙwabtanmu na arewa tun 1971 suke haƙo yuraniyom a Arlit, wanda a da ake kai wa Faransa. Masar ta fara gina tukwane huɗu a Al-Daba'a a 2022, Afirka ta Kudu kuwa tashar Koeberg tana aiki tun 1984. Duk waɗannan irin tukwane ne da rayuwarsu ta rataya a kan famfo.

Dalili kuwa a fili yake. Babbar tukunya tana fitar da zafin da ya kai megawat 3,000, watau ninkin ta Samaru sau dubu ɗari, kuma wannan zafi duka yana tasowa daga wurin da bai fi mita huɗu a tsaye ba. In da za a jira ruwa ya tashi sama don kansa ya kwashe shi, da sandunan sun narke tun kafin a ce kwabo. Sai aka rufe ruwan cikin bututu masu kauri, aka matse shi har ninki 155 na matsin iskar da muke shaƙa, domin ya shiga da zafin digiri 290 ya fito da kimanin 325 ba tare da ya tafasa ba, kana aka kafa famfuna uku ko huɗu suna kora shi dare da rana. Kowane ɗaya daga cikinsu, idan aka haɗa da injin da ke kansa, tsayinsa ya haura mita 8, ƙarfinsa na doki dubu shida ne ko bakwai, yana tura lita miliyan 20 a sa'a guda. Na Rasha suna juyi 1,000 a minti, na Faransa kusan 1,500. A can ƙolinsa an ɗora wani faifan ƙarfe mai nauyin tan da yawa, wanda hikimarsa ita ce idan lantarki ya yanke famfon ba zai tsaya cak ba, zai ci gaba da juyawa yana raguwa sannu a hankali, domin ko an kashe tukunya zafinta ba ya mutuwa nan take: kusan kashi 7 cikin ɗari yana nan a daƙiƙar farko, bayan sa'a guda ma akwai saura kashi ɗaya da rabi.

To, wannan famfo yana cikin ƙubbar kankare da aka rufe, inda tiririn nukiliya ya hana ɗan Adam zama, kuma da zarar an tayar da shi sai ya yi wata 12 ko 18 bai huta ba. Mai kula da shi yana wani ɗaki dabam, bai gan shi ba, bai ji shi ba, bai taɓa shi ba. Duk abin da ya sani labari ne aka kawo masa.

Wanda ya taɓa tsayawa a fadama lokacin noman rani, ko a bakin shagon mai gyaran injin ban ruwa ranar kasuwa, ya ga asalin wannan ilmi da idonsa. Ana kawo inji a bayan babur, mai shi ya ce kukansa ya sake; makanike ba ya fara da kwancewa, sai ya ja igiya ya tayar da shi, ya ɗora bayan hannunsa a gidan boris ya ɗauke, kana ya ɗauki doguwar sukundireba ya kafa bakinta a jikin ƙarfen, ya manna ƙotar a kunnensa, ya runtse ido. Daga nan za ka ji ya ce boris ya ci, ko farfela ta haɗiyi tsakuwa, ko kuwa injin lafiya lau, iska yake sha ta tiyo. Zafi da amo ke nan, su ne dai abu biyu da injiniyan tashar nukiliya yake nema. Illa iyaka shi makanike hannunsa da kunnensa nasa ne, ya san lafiyarsu, shi kuwa injiniya aron hannu da kunne ya yi daga wasu 'yan ƙarafa da wayoyi, waɗanda su ma suna tsufa, suna rikicewa, suna iya yin shiru ranar da ake bukatarsu.

Ma'aunan zafin iri biyu ne galibi. Na farko siririyar waya ce ta filatinam wadda ƙin wucewar lantarki a cikinta yake ƙaruwa da zafi bisa ƙa'ida sananniya: wadda ta nuna om 100 a ƙanƙara za ta nuna 138.5 a tafasasshen ruwa. Na biyu ƙarafa biyu ne mabambanta aka haɗe bakinsu, idan mahaɗar ta yi zafi sai ta haifar da ɗan lantarki, abin da Seebeck Bajamushe ya gano a 1821, kuma irinsa ne ke Samaru. A manyan tashoshi ana binne su a cikin boris na sama da na ƙasa, da cikin naɗin wayar injin, da ruwan da ke fitowa daga matosan da suka hana ruwan tukunya tsiyayowa ta gefen sandar famfo, da kuma cikin manyan bututun kansu. A tashoshi da yawa na Amurka ƙa'ida ita ce idan boris ɗin injin ya kai kimanin digiri 90, a kashe tukunya a kashe famfo, ba tare da shawara ba.

Amma kafin a yanke hukunci mai tsada haka bisa maganar wata 'yar waya, tilas a san matsayinta, kuma a nan ne na ga injiniyoyi sun bi tafarkin da malaman hadisi suka riga su bi, ko da yake ba su san juna ba. Malamanmu ba su wadatu da adalcin mai ruwaya ba sai sun binciki kiyayewarsa. Sun san mutum amintacce yana iya rikicewa a ƙarshen rayuwarsa, har suka riƙa rarrabe abin da aka ji daga gare shi kafin rikicewar da bayanta. Kuma hanyarsu ta gane haka ita ce su jera ruwayarsa kusa da ta abokan karatunsa su ga inda ya ware. Haka ake yi wa ma'aunan zafi. Bayan an gama sauya makamashi, kafin a tayar da tukunya, sai a kunna famfunan su kaɗai, domin gogayyar da suke yi da ruwa ta isa ta ɗumama shi har kusan digiri 290. A wannan hali ruwan duk zafinsa ɗaya ne ko'ina, saboda haka ma'auni goma sha ko ashirin da ke cikin bututun ya wajaba su faɗi magana ɗaya. Sai a tsaya a mataki-mataki, a ɗauki karatun kowanne sau da yawa, a fitar da matsakaici, wanda duk ya kauce da abin da ya wuce kimanin sulusin digiri a ware shi, a sake lissafi ba da shi ba, kana a gyara jadawalinsa ko a sauya shi. Raunin wannan hanya, kuma masu ita ba su ɓoye ba, shi ne jama'ar duka tana iya karkata gefe guda tare. Shi ya sa akan shigo da sabon ma'auni wanda aka gwada a ɗakin gwaji da ƙanƙara da sauran tabbatattun ma'aunai, ya zama asalin da ake komawa gare shi.

Gaskiya kaɗai ba ta wadatar ba, sai da hanzari, gama shaidar da ta iso bayan an tashi daga majalisa ba ta da amfani ga kowa. A ɗakin gwaji akan tsoma ma'aunin farat ɗaya cikin ruwan ɗumi mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa, a ƙirga lokacin da zai ɗauka ya kai kashi 63 cikin ɗari na sabon zafin. 'Yan daƙiƙu ne ake nema. Sai dai a tasha ba tsirara ake tsoma shi ba, cikin wani kube na ƙarfe ake zura shi, kuma idan bakinsa bai zauna daram a gindin kuben ba, ko datti ya shiga, ko girgiza ta sassauta shi har iska ta samu wurin zama tsakaninsu, ma'aunin da ya ci jarrabawa a ɗakin gwaji zai koma nawa a wurin aiki, alhali lambar da yake nunawa daidai ce idan an ba shi lokaci. Maganin wannan ya fito a shekarun 1970 daga masu bincike na Jami'ar Tennessee da cibiyar Oak Ridge a Amurka, kuma dabara ce mai ban sha'awa: daga can ɗakin kula, ta wayoyin ma'aunin kansa, sai a tura masa ɗan lantarki ya ɗumama shi daga ciki da 'yan digiri, a lura da yadda zafin ke fita zuwa ruwa, tun da hanyar da zafi ke bi ya fita ita ce hanyar da yake bi ya shiga, lissafi zai nuna hanzarinsa yana zaune a kubensa, tasha kuwa tana aiki.

Batun amo ya fi wannan faɗi. Kusa da sandar famfo ana kafa ma'aunai biyu, ɗaya ta gabas ɗaya ta kudu in ana misali, waɗanda ba sa taɓa ta, tazarar da ke tsakaninsu da ita kawai suke aunawa sau dubbai a daƙiƙa. Idan aka haɗa maganarsu sai a ga zanen da tsakiyar sandar ke yi yayin da take juyawa, da'ira ce ko ƙwai, ko ta fara lanƙwashewa kamar lamba takwas. Rabin milimita na kai-kawo ya isa a kashe famfo mai tan casa'in. A jikin gangar kuma ana ɗaure wasu masu ɗan lu'ulu'u a ciki wanda ke ba da lantarki idan an matse shi, abin da 'yan'uwa biyu Pierre da Jacques Curie suka gano a 1880. Kugin da waɗannan ke kawowa kunne ba zai fahimci kome a cikinsa ba, sai kwamfuta ta warware shi zare-zare da lissafin Fourier: famfo mai juyi 1,500 a minti yana da zarensa a bugu 25 cikin daƙiƙa, idan wannan ya yi kauri nauyi ya karkata gefe guda, idan na 50 ne ya tsiro, a tuhumi saiti ko tsagewar sanda, idan kuwa aka ji yayyafi marar tsari a can sama, tururi ya fara kumfa a bakin farfela. Duk wannan ba ya karantuwa sai an ajiye hoton muryar famfon ranar da yake sabo, domin kowane famfo da tasa murya, kuma abin tsoro ba girmanta ba ne, sauyawarta.

Akwai kuma kunnuwa na musamman masu jiran ƙarar abin da ya kwance. Ranar 5 ga Oktoba 1966, a tukunyar Fermi ta ɗaya kusa da Detroit, wani ɗan faranti na ƙarfen zirkoniyom ya ɓalle ya toshe mashigar abin sanyayawa, wani ɓangare na ƙunshin makamashi biyu ya narke. Ƙa'idar da hukumar nukiliya ta Amurka ta fitar a 1981 ta ce ya kamata na'urar ta ji bugun ƙarfe mai nauyi daga gram 110 zuwa kilo 13 da rabi, a nisan da bai kai mita ɗaya ba, ko da ƙarfin bugun bai wuce na kwatan kilo da ya faɗo daga tsayin santimita 28 ba. Gwajinta kuwa da hannu ake yi: lokacin hutun tasha mutum ya shiga da guduma ko dunƙulen ƙarfe da aka san nauyinsa, ya ƙwanƙwasa bututu a wuraren da aka yi wa alama, abokinsa yana ɗaki yana rubuta wanne kunne ya fara ji, wanne ya biyo, da tazarar da ke tsakani, da wannan littafi ne wata rana za a ce ga inda kusar take.

Bayan duk wannan tahƙiƙi, manyan musibun da aka rubuta ba daga ƙaryar ma'auni suka fi zuwa ba. Da ƙarfe huɗu na asubahin 28 ga Maris 1979, a tashar Three Mile Island ta jihar Pennsylvania, wani bawul ya buɗe don rage matsi ya ƙi rufuwa, ruwan tukunya yana ta zurarewa sama da sa'a biyu. Fitilar da ke gaban masu aiki ta nuna an rufe, alhali abin da take shaida kawai shi ne an aika umarnin rufewa. Ma'aunin zafi na bayan bawul ɗin ya faɗi gaskiya, ya nuna kusan digiri 140, amma da yake bawul ɗin ya daɗe yana ɗan yoyo, an saba ganin wurin da zafi, sai aka yi masa tawili. Famfunan ma sun faɗi gaskiya da iyakar ƙarfinsu, suka kama girgiza domin tururi suke haɗiya maimakon ruwa. Masu aikin suka ɗauki girgizar a matsayin ciwon famfo, ba alamar ruwa ya ƙare ba, suka kashe biyu bayan minti 73, sauran biyun bayan kimanin minti 100, kuma daga nan kusan rabin zuciyar tukunyar ya narke. Ban ga dalilin zargin mutanen nan da yawa ba, gama ƙararrawa fiye da ɗari ta tashi musu cikin 'yan mintoci, horon da aka ba su kuma bai tanadi wannan hali ba. Wanda ya fi wuyar uzuri shi ne abin da ya faru a Japan a Janairun 1989, a tukunya ta uku ta Fukushima Daini, wadda ba ita ce tashar da igiyar teku ta cinye a 2011 ba: ƙararrawar girgiza ta yi kuka a famfon juya ruwa, aka rage gudu aka ci gaba da aiki kwanaki, tun da lokacin hutun tasha ya kusa, da aka buɗe sai ga zoben boris ya karye, farfela ta ci, kimanin kilo 30 na ɓarɓashin ƙarfe ya bazu har cikin tukunya, aka yi fiye da shekara guda ana tsinta.

Sababbin famfuna ma ba su tsira ba. A tashar Sanmen ta ƙasar Sin, irin famfon da aka rufe injinsa ruf don a rabu da matsalar matosai ya jinkirta aikin shekaru, kuma ɗaya ya lalace a tukunya ta biyu a Disamban 2018, kimanin wata guda da rabi bayan fara sayar da wuta, ta zauna kusan shekara.

Ra'ayina, in an yarda ɗan Safana ya sa baki a maganar manya, shi ne na'urorin nan duk da famfon za su zo cikin akwati, wanda ya sayar zai kafa su. Abin da ba ya zuwa cikin akwati shi ne mutumin da ya saba rubuta zafin boris kowace safiya ko da jiya ma haka ya gani, wanda idan ƙararrawa ta dame shi ba zai cire wayarta ba, kuma wanda shugabansa zai saurare shi idan ya ce a tsaya. Mu kuwa al'adarmu da inji sananniya ce, a garuruwanmu ba a rasa tankin burtsatse a tsaye ƙayau saboda sumo ya ƙone, kuma in ka bincika za ka tarar ya yi makonni yana jan wuta fiye da kima ba wanda ya auna. Wannan tarbiyya ba ta bukatar yuraniyom kafin a fara ta. Madatsar Zobe tana nan kusa da mu a ƙasar Dutsin-Ma, da manyan famfunan aikin ruwan sha da aka buɗe a 2021. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana gefenta. Ma'aunin girgiza na hannu da na zafi ba su fi ƙarfin sashen kimiyya guda ba. Ɗalibi ya je kowane mako ya auna wuri guda a jikin kowane famfo, ya rubuta, ya kai ma'aunin zafinsa Samaru sau ɗaya a shekara a gwama shi da nasu, wanda ya gaje shi kuma ya ɗora a littafin nan dai, kada ya buɗe sabo.